Karkanda da Dokar Mallaka a Afirka ta Kudu

A ƙarshen ƙarni na 19, farin karkanda na kudancin Afirka ya kusa ɓacewa daga doron ƙasa. Mafarauta sun karkashe shi, har bai kai ɗari ba wanda ya rage, kusan dukkansu a dajin Umfolozi da ke ƙasar Zulu. Amma a shekarar 2012 yawansa ya kai kimanin 20,000. Tarihin wannan farfaɗowa yana da alaƙa da tambaya guda: wa ke da namun daji?

Da farko hukuma ce ta yi aikin. An keɓe Umfolozi, aka hana farauta, dabbobin suka hayayyafa har wurin ya yi musu kaɗan. A farkon shekarun 1960 Ian Player da abokan aikinsa na Hukumar Gandun Daji ta Natal suka fara kama karkanda suna kai su wasu dazuzzuka, har da na Kruger. Daga baya aka riƙa sayar wa manoma masu manyan filaye, kuma a 1968 aka halatta farautar kaɗan daga cikinsu bisa lasisi.

Sai dai akwai matsala a dokar ƙasar. A wancan lokaci naman daji ba na kowa ba ne. Idan karkandan da manomi ya saya da kuɗinsa ya tsallaka gonar maƙwabci, ya fita daga hannunsa ke nan. Ga shi kuma hukuma tana sayarwa da araha, alhali masu farauta daga ƙasashen waje suna biyan ninkin kuɗin sau da yawa. Saboda haka manoma da dama ba su damu da kiwo ba: su saya yau, su ba mafarauci ya harbe gobe.

Abubuwa biyu suka canza wannan hali. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar Natal ta koma yin gwanjo, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Sannan a 1991 aka kafa dokar hana satar namun daji, wadda ta tabbatar wa mai fili mallakar dabbobinsa muddin ya kewaye filin da shinge mai inganci. Daga nan karkanda mai rai ya zama dukiya kamar saniya, kuma macen da ke haihuwa ta zama jari. Manoma da yawa suka bar kiwon shanu suka koma na namun daji. A yau fiye da rabin fararen karkandan ƙasar suna filayen masu zaman kansu.

Duk da haka kasuwa tana da iyakarta. Tun 1977 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin ƙahon karkanda tsakanin ƙasashe, amma buƙatarsa a Sin da Biyetnam ba ta gushe ba. A 2007 ɓarayi sun kashe karkanda 13 a Afirka ta Kudu. A 2014 sun kashe 1,215. Kuɗin gadi ya yi nauyi, wasu manoma suka sayar da nasu. John Hume, wanda ya tara kimanin 2,000 da fatan za a buɗe cinikin ƙaho, ya sa gonarsa a gwanjo a 2023, ba a sami mai taya ba. Ƙungiyar African Parks, wadda ba ta neman riba, ita ta saye ta domin ta mayar da dabbobin daji cikin shekara goma.

Akwai kuma batun wa ke da filin. Dokokin ƙasa na 1913 da 1936 sun bar wa baƙar fata kimanin kashi 13 cikin ɗari na ƙasar kawai, don haka ribar kiwon namun daji ta fi zuwa ga Turawa. Namibiya, maƙwabciyarta, ta bi wata hanya a 1996, ta ba mazauna filayen gargajiya ikon cin amfanin namun dajin yankinsu a ƙungiyance.

Mallaka ta sa manomi ya tsare karkanda muddin dabbar tana biyan kuɗin tsaronta. Da kuɗin ya gaza, sai nauyin ya koma kan hukuma da masu ba da gudummawa.