Talikin da Aka Ƙera Aka Gudu: Karanta Frankenstein daga Zamfara

A watan Yulin 2022, Sarkin 'Yandoton Daji da ke ƙaramar hukumar Tsafe ya naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani. Aleru kuwa jagoran 'yan bindiga ne da 'yan sandan Katsina suka daɗe suna nema ruwa a jallo. Masarautar ta ce neman zaman lafiya ne ya sa ta yi, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta dakatar da sarkin nan take. Gardamar da ta biyo baya ba ta mutu ba har yau: shin ana zama a saurari wanda ya zubar da jini, ko kuwa sauraronsa cin amanar mamata ne? A shekarar 1816 wata 'yar Ingila mai shekara 18 ta fara rubuta littafi a kan wannan tambaya. Sunanta Mary Shelley, littafin kuma shi ne Frankenstein, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin tushen ƙagaggun labaran kimiyya.

Mummunan yanayi ne ya haifi littafin. Dutsen Tambora na Indunusiya ya yi aman wuta a watan Afrilun 1815, tokarsa ta dusashe rana, shekarar da ta biyo baya Turai ta wuni cikin ruwa da sanyi a lokacin da ya kamata a yi zafi. Ruwan ya tsare Mary da mawaƙi Percy Shelley da Lord Byron a wani gida a bakin tafkin Janiba, sai Byron ya ce kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Mary ba ta je neman abin tsoronta wajen aljanu ba. A zamaninta ana ta muhawara ko lantarki ne sirrin rai, har a 1803 Giovanni Aldini ya jona wa gawar wani da aka rataye a Landan lantarki a gaban jama'a, fuskar ta motsa, ido ɗaya ya buɗe.

Ita kanta ta san ɗacin a juya wa mutum baya. Mahaifiyarta, marubuciya Mary Wollstonecraft, ta rasu kwana 11 bayan ta haife ta a 1797. Mahaifinta William Godwin ya daina yi mata magana bayan ta gudu da Percy a 1814. Jaririyarta ta fari ta mutu a 1815 ba ta cika wata guda ba. Littafin ma sai da maɗaba'u biyu suka ƙi shi kafin ya fito a Janairun 1818, kwafi 500, babu sunan marubuci a jiki. Duk da haka mahaifin nan da ya ƙaurace mata ta sadaukar wa aikin.

Mutane da yawa suna zaton Frankenstein sunan dodo ne. Sunan ɗalibin ne, Victor, ɗan gidan mutunci daga Janiba wanda ya tafi karatu Jamus, burin gano asirin rai ya hana shi barci har ya manta da danginsa. Ya harhaɗa sassan gawarwaki, ya yi taliki mai tsawon ƙafa takwas. Da talikin ya buɗe ido, Victor ya ga muninsa, ya fice da gudu ya bar shi. Mai karatu Musulmi zai fara ganin laifin a shisshigi cikin hurumin Ubangiji, kuma yana da gaskiya. Sai dai inda marubuciyar ta fi tsayawa shi ne gudun. Ko suna Victor bai raɗa masa ba.

Tsakiyar littafin ta talikin ce, da bakinsa yake ba da labari, kuma nan ne Mary ta zuba basirarta. Ya ɓuya watanni a wata rumfa jikin bukkar wasu talakawa, yana leƙensu ta tsaga, yana koyon magana da karatu daga darasin da suke ba wata baƙuwa. Da ya gane abincinsu ba ya isarsu, sai ya daina taɓawa, ya riƙa saro musu itace da dare yana ajiyewa a ƙofa. Ranar da ya yi ƙundumbala ya bayyana, tsohon gidan, wanda makaho ne, ya karɓe shi da mutunci. Masu idanu suna shigowa aka rufe shi da duka. Daga baya ya ceci yarinya daga ruwa, aka sāka masa da harsashi. Daga nan ya koma kisa: ya shaƙe ƙanin Victor, yaro ƙarami, ya jefa shaidar a aljihun Justine, yarinyar da ke aiki a gidansu.

Sai kuma zaman sulhu. A kan ƙanƙarar tsaunuka talikin ya tari maƙerinsa da sharaɗi: a ƙera masa abokiyar zama, shi kuma ya yi ƙaura zuwa dazuzzukan Kudancin Amurka, ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. Victor ya amince, ya fara aikin, sai tsoro ya kama shi cewa alkawarin mai kisa ba abin dogaro ba ne, ya yayyaga abin da ya haɗa. Sakamakon ya zama gawar amininsa da ta amaryarsa a daren biki. Littafin bai taɓa gaya mana ko talikin zai cika alkawari ba, kuma ina ganin da gangan ne.

Tarihin littafin bayan fitowarsa tarihin toshe bakin talikin ne. Wasan kwaikwayon da aka yi a Landan a 1823 ya mai da shi bebe. Fim ɗin 1931 da Boris Karloff ya fito a ciki ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwar mai laifi aka dasa masa, wato mugunta a jininsa take. A 1824 ma ministan Birtaniya George Canning ya yi ishara da labarin a majalisa don ya ja kunne game da gaggauta 'yanta bayi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi hattara da kwatancin. Babu wata ƙabila ko al'umma a Zamfara da ke matsayin dodon, duk wanda ya yi amfani da littafin haka Canning ya bi, ba Mary ba.

Abin da ya yi kama shi ne zubin rikicin. Manoma da satar shanu da fashi suka addaba sun kafa 'yan sa-kai saboda hukuma ta yi nisa. Makiyaya sun yi ta kukan an cinye burtali, ana kashe 'yan uwansu a kasuwanni ba shari'a. Kowane ɓangare ya ba samarinsa makami, abin ya fi ƙarfin waɗanda suka fara shi. Gwamnatin Abdul'aziz Yari ta gwada sulhu, ta Matawalle ta sake gwadawa a 2019, sannan a Satumbar 2021 aka rufe kasuwanni aka katse layukan waya. Dauda Lawal ya ce babu sulhu, ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau a Janairun 2024. Tambayar da littafin zai yi wa duk mai ɗaukar samari irin wannan aiki ita ce wa zai kula da su ranar da aka gama bukatarsu.

Masu goyon bayan sulhu suna karanta babin rumfar da itacen dare, masu adawa da shi suna karanta daren biki, kowa ya riƙe rabin littafi. Mary ta ba mu duka biyun, ba ta bari tausayi ya zama wanke laifi ba: a ƙarshe, da talikin ke kuka a kan gawar Victor, matuƙin jirgin da ya same shi a haka munafuki ya kira shi. Ni dai hankalina ya fi komawa kan Justine, wadda ba ta ƙera kowa ba, ba ta kori kowa ba. Ita ce ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kwashe daga ɗakunansu a Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu a Satumbar 2023, ita ce manomin Tsafe da sai ya biya kafin ya girbe gonarsa. A littafin, an gurfanar da ita, aka matsa mata ta amsa laifin da ba ta yi ba, aka yanke mata hukuncin kisa. Victor yana zaune a cikin kotun, ya san wanda ya yi kisan, yana tsoron a ce ya haukace, bai buɗe baki ba.