Daga Soro Zuwa Kwano: Tarihin Zafi, Sanyi da Iska a Gidan Bahaushe

Duk wanda ya taɓa fakewa a wani tsohon zaure cikin birnin Kano ko Zariya da azahar ɗin watan Afrilu, ya san abin da wannan maƙala za ta tattauna tun kafin a faɗa masa. A waje zafi yana neman maki 40 a ma'aunin Salshiyas, amma da ya sa ƙafa ciki sai ya ji kamar an yayyafa masa ruwan randa, alhali babu fanka, babu lantarki. Masana irin su Hamman Tukur Sa'ad (1981) da J. C. Moughtin (1985) sun yi bayani mai gamsarwa a kan fasahar magina da adon gine-ginensu. Abin da nake son bin sawunsa a nan shi ne dabarar zama da yanayi. Ra'ayina shi ne, Bahaushen dauri bai taɓa ɗora wa ɗaki guda nauyin kare shi daga bazara da hunturu da damina gaba ɗaya ba. Gidan ne dukkansa yake wannan aiki, mutanen gida kuwa suna ƙaura a cikinsa gwargwadon sa'a da lokacin shekara.

Bango da rufi

Magini yakan fara da ƙasar birji, a kwaɓa ta da ciyawa, a cura tubali a shanya, sannan a jera shi ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri daga tushe, yana sirancewa in ya yi sama, kuma a gidan bene kaurin gindinsa yakan kai mita 1 ko ya zarce. Wannan kauri shi ne asirin sanyin da muka ambata. Ƙasa tana jinkirin shan zafi, tana kuma jinkirin sakinsa, saboda haka ranar da ta doki bango da hantsi ba ta isa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa.

Rufin soro ma ƙasa ce aka ɗora bisa azara, wato gungumen giginya da aka tsattsaga, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6, kuma wannan iyaka ce ta haifar da bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa, waɗanda suka ba magina damar faɗaɗa ɗaki da ɗaga rufinsa. Ana yawan kallon su a matsayin ado da alamar sarauta, kuma haka ne, amma rufi mai tsawo yana ba iska mai zafi wurin taruwa can sama da kawunan mutane. Wanda yake son ganin ƙololuwar wannan fasaha sai ya dubi masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846), ko manyan soraye na Gidan Rumfa, wanda asalinsa yake komawa ga Muhammadu Rumfa (1463-1499).

Ruwa shi ne babban abokin gabar wannan gini. Don haka aka sami makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina, da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. Da yake hadari a ƙasar Hausa galibi daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ya fi shan duka, shi ake fi yi wa yaɓe, kuma magini mai hankali ba ya son buɗe ƙofa ko taga ta wannan fuska in yana da zaɓi.

Ƙaura a cikin gida

Akwai abin da masu yabon soro ba su cika faɗa ba. Zafin da bango ya haɗiye da rana, da dare yake amayar da shi. A hunturu, lokacin da sanyin asuba a Kano yakan sauko ƙasa da maki 15, wannan alheri ne, domin ɗaki yakan kwana da ɗumi, in an ƙara da kaskon wuta kuwa shi ke nan. A bazara kuma azaba ce. Maganinta ba ya cikin ɗakin, yana tsakar gida. Da magariba ta yi sai a yayyafa ruwa a ƙasa, a fito da tabarmi, mata da yara su kwana a fili, samari su nufi ƙofar gida ko kan soro. Da rana kuma a koma ciki, ko a zauna ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiya. Murhu ma yakan bi wannan ƙaura: a fili da rani, a madafi da damina, nesa da ɗakunan kwana domin hayaƙi da zafi.

A nan ne tsarin gida ya haɗu da al'ada da addini. Baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa ya wuce farfajiya zuwa shigifa, muharrami kaɗai ke shiga cikin gida. Ƙofofin ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki. To, wannan sutura ita ce ta sa mace mai kulle take iya yini da kwana a sarari ba tare da takura ba. Idan babu zaure da katanga, tsakar gida ba ta kwanuwa, idan kuwa ba ta kwanuwa, soro ya zama tanda. Ƙauyawa da talakawan birni da yawa ma ba soro gare su ba. Ɗakin jinka suke da shi, kago ko adada, wanda yake shan iska ta cikin ciyawarsa, ya kuma huce da wuri bayan faɗuwar rana, illarsa gobara.

Bai kamata son abin gado ya rufe mana ido ba. Tagar soro 'yar ƙarama ce, can sama, an yi ta ne don ta hana ƙura da rana da ɓarawo da ido, iskar da take shigarwa kuwa kaɗan ce. Idan jama'a suka cunkushe a irin wannan ɗaki a ƙarshen hunturu da farkon bazara, sanƙarau yakan sami hanya, kuma annobar 1996 kaɗai ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Haka nan gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi domin mai jego: binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta wannan gashi, tare da wankan jego da kunun kanwa, da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa.

Zuwan kwano da siminti

Turawan farko ba su raina ginin ƙasa ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, a gidan ƙasa ya zauna a Nasarawa ta Kano, inda ya buɗe makarantarsa a 1909, gidan kuma yana nan har yau. Abin da ya sauya lissafi shi ne isowar dogo Kano a 1911, domin daga nan ne kwanon rufi da siminti suka fara samun hanyar shigowa da sauƙi. Dokar garuruwa ta 1917 ta ware unguwar Turawa da fili mai faɗin yadi 440 tsakaninta da 'yan ƙasa, a can kuma aka kafa wani sabon samfuri: gida a tsakiyar fili, da baranda, da manyan tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa. Wannan gida waje yake kallo, na Bahaushe kuwa ciki. Ma'aikatan da suka gaji waɗannan gidaje bayan 1960 sun gaji har da ganin cewa haka gidan wayayye yake.

Kwano ya yi nasara ne bisa hujja. Ya raba maigida da yaɓen shekara-shekara da fargabar rufi ya rufto cikin watan Agusta, giginya kuma tana ta ƙaranci. Masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, kuɗin Udoji na 1974 da arzikin man fetur suka ƙarasa sauran. Harshe ya adana mana wannan tarihi: bulo, silin, falo, kicin, windo, fanka, janareta. In aka lura, kusan rabin waɗannan kalmomin aro sunayen magunguna ne na cutar da sauran suka kawo. Kwano yana gasa ɗaki, sai aka nemi silin. Bulo mai inci 6 ko 9 ba ya tare rana, sai aka nemi fanka. Lantarki ba ya tsayawa, sai janareta. Ina yawan tambayar ɗalibaina ma'anar shigifa, kuma 'yan birni kaɗan ne suke amsawa daidai.

A ganina, asarar da ta fi ta bango girma ita ce ta fili. Gado ya rarraba manyan gidaje, fuloti ya tsuke, mai gini yana cike kowane taƙi da ɗakin haya, har tsakar gida ta koma lungun shanya. Iyalin da suke cikin irin wannan gida ba su da inda za su ƙaura in dare ya yi zafi.

A Jamhuriyar Nijar an ci gaba da gwada ƙasa ta sababbin hanyoyi. Masallacin Yama a yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala wani sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, magina na gargajiya suna cikin waɗanda suka yi aikin gyaransa.