Ina Ƙwadagon Ƙaraye da Rogo Ya Koma?

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman ƙasar Ƙaraye da Rogo suka rungumi noman gyaɗa da auduga, amfanin guminsu na ficewa ƙetare. Farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 suka karya wannan tsari, a lokacin da kuɗin man fetur ke janye matasa zuwa birni. Wanda ya samu aiki a masana'antun Bompai ko Sharaɗa ya ci riba, domin ma'aikaci ɗaya a gaban inji yana samar da abin da ya ninka na mai fartanya. Amma daga 1986, da aka karya darajar naira aka soke hukumomin sayen amfanin gona, masana'antun suka yi ta rufewa, ƙwadago ya gangara zuwa acaɓa, dako da kasa kaya a bakin titi.

Wani zai ce ai ɗan cirani yana aiko da kuɗi gida. Gaskiya ne, sai dai kuɗin na cefane ne, ba ya zama jari, kuma sana'ar ba ta ƙara wa mai ita ƙwarewa. Barin gona yana zama ci gaba ne idan sabon aikin ya fi tsohon albarka. Mafita kuwa tana kusa: madatsar ruwan Challawa, da aka kammala a 1992, tana ƙasar Ƙaraye. Don haka wajibi ne hukuma ta haɗa noman rani da wutar lantarki da injinan sarrafa amfanin gona a wannan yanki.