Harbin Kuskure ko Sakaci: Nazarin Rasa Rayuka Uku a Wuraren Ɗaukar Fim na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda bindiga ke tashi ba da niyyar mai riƙe da ita ba, ta hanyar bibiyar mutuwar mutum uku a wuraren ɗaukar fim na Amurka: Jon-Erik Hexum a 1984, Brandon Lee a 1993, da Halyna Hutchins a 2021. An dogara ne da rahotannin hukuma da bayanan da suka fito a zaman kotu, aka auna su a kan ra'in James Reason na kuskuren ɗan'adam. Binciken ya gano cewa a biyu daga cikin ukun, wanda bindigar ta tashi a hannunsa shi ne na ƙarshe a jerin mutanen da kowannensu ya ɗauka wani ya riga ya duba. Maƙalar ta ƙalubalanci kiran irin wannan lamari da sunan tsautsayi.

1.0 Gabatarwa

Hausa na da kalmomi huɗu da sukan cuɗanya a bakin mutane idan aka yi ɓarna ba da nufi ba: tsautsayi, kuskure, sakaci da ganganci. Tsautsayi abu ne da ake ganin ba makawa sai ya auku, shi ya sa ake cewa ba ya wuce ranarsa. Kuskure shi ne a nufi daidai a sami akasi. Sakaci kuwa barin abin da ya wajaba a yi ne, ganganci kuma a san haɗari a afka masa. Da zarar bindiga ta tashi ta kashe mutum, kalmar farko aka fi saurin kamawa, domin ita ce ke sanyaya zukata, kuma ita ce ke rufe bakin mai tambaya. A Nijeriya ma jama'a sun daɗe da sanin kalmar "harbin kuskure" a bakin jami'an tsaro bayan an rasa rai a shingen bincike, har ta kai mutane ba su cika gaskata ta ba.

An zaɓi wuraren ɗaukar fim ne saboda nan ne bindiga ke zuwa babu wanda ke da nufin cutar da kowa. Babu abokin gaba, babu tsoro, babu duhun daji. Idan har rai ya salwanta a irin wannan wuri, to dalilin na cikin tsarin aikin ne, kuma ana iya bin sawunsa mataki-mataki.

2.0 Ra'i da Kalmomin Nazari

James Reason, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Manchester, ya bambanta a 1990 tsakanin kuskuren da ke bayyana nan take a hannun ma'aikaci da ɓarakar da ta daɗe kwance a cikin tsari tana jiran rana. Ya kwatanta matakan kariya da shinge bayan shinge, kowanne da hujinsa. A misalin gida, kamar a jera zana biyar ne ɗaya bayan ɗaya: kowace na da kafa, amma haske ba ya ratsawa sai ranar da kafofin suka yi saiti.

Akwai harsashi iri uku da dole a rarrabe kafin a fahimci abin da ke tafe. Harsashin gaske yana da kwanso, albarushi, ɗan ƙyastun da ke gindi, da kan dalma. Wanda za a kira harsashin ƙara a nan yana da albarushi amma ba shi da kai. Aikinsa ya ba da ƙara da walƙiya. Na uku, harsashin ado, yana da kai amma babu albarushi a cikinsa, ana sa shi ne don kyamara ta ga bindigar kamar a cike. Matsalar ita ce harsashin ado da na gaske kusan tagwaye ne a ido. Shi ya sa ake zuba 'yan ƙananan ƙarafa a cikin na ado domin ya yi kacau-kacau idan an girgiza shi, ko kuma a huda gefen kwanson.

3.0 Hexum da Lee

Labarin Hexum gajere ne. A ranar 12 ga Oktoba, 1984, ana jiran a ci gaba da ɗaukar shirin talabijin mai suna Cover Up, sai ya ɗora bindiga mai harsashin ƙara a gefen kansa cikin wasa, ya ja kunama. Ƙarfin iskar da ta fito ya fasa ƙashin kansa, ɓallin ya shige ƙwaƙwalwa. Ya rasu ranar 18 ga watan, yana da shekara 26. Wannan ganganci ne da jahilci ya haifa: bai san cewa harsashi marar kai ma yana kisa daga kusa ba.

Na Brandon Lee, ɗan Bruce Lee da masu kallon sinima a ƙasar Hausa suka sani sarai, ya fi sarƙaƙiya. Ana ɗaukar fim ɗin The Crow a Wilmington ta jihar North Carolina, sai ma'aikata suka haɗa harsasan ado da kansu daga na gaske: suka zubar da albarushin, suka mayar da kan, amma suka bar ƙyastun gindi da ransa. Da aka ja kunama a kan ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙarfin ƙyastun ya tura kan dalmar ya maƙale a cikin bututu. Babu wanda ya leƙa. Daga baya aka sa harsashin ƙara a wannan bindigar, aka saita Lee kamar yadda labarin fim ɗin ya tanada. Albarushin na biyu ya haɗu da dalmar na farko, suka zama cikakken harsashi. Ya rasu ranar 31 ga Maris, 1993, yana da shekara 28. Ba a gurfanar da kowa a gaban kotun laifi ba. Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin harsasan biyu, shi kaɗai, ba zai yi wannan kisa daga wannan nisa ba.

4.0 Rasuwar Halyna Hutchins

Ranar 21 ga Oktoba, 2021, a Bonanza Creek Ranch kusa da Santa Fe ta jihar New Mexico, ana gwajin wata fitowa ta fim ɗin Rust a cikin wani cocin katako bayan abincin rana. Jarumi Alec Baldwin, wanda kuma yana cikin furodusoshin fim ɗin, yana koyon zaro libarba samfurin Pietta, kwaikwayon tsohuwar Colt .45, yana nuna ta wajen kyamara. Bindigar ta tashi. Harsashin ya ratsa jikin shugabar masu ɗaukar hoto, Halyna Hutchins, 'yar asalin Yukiren mai shekara 42, ya tsaya a kafaɗar darakta Joel Souza. An ɗauke ta a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a Albuquerque, a can ta cika.

Idan aka jera zanan kariya na wannan rana, za a ga yadda kafofin suka yi saiti. Na farko, ƙa'idojin masana'antar sun hana a shigo da harsashin gaske wurin ɗaukar fim irin wannan, amma masu bincike sun tsinci guda shida, har da wanda ya yi kisan. Na biyu, mai kula da makamai, Hannah Gutierrez-Reed, mai shekara 24 a lokacin, ita ta ɗura bindigar ba tare da ta tantance kowane harsashi ba. Wannan ne fim na biyu da ta shugabanci sashen makamai, kuma an haɗa mata da aikin mataimakiya a sashen kayan wasa, ga shi kwana takwas kacal aka ware mata na aikin makaman. Sai mataimakin darakta, David Halls, wanda alhakin tsaron wurin ke wuyansa: ya shaida wa 'yan sanda cewa harsasai uku kawai yake tuna ya gani, kuma ya kamata ya duba duka amma bai yi ba. Takardar rantsuwar 'yan sanda ta ce an sanar a wurin cewa bindigar "mai sanyi" ce, wato babu abin da zai tashi a cikinta. Lokacin da abin ya faru mai kula da makaman ba ta cikin cocin. Daga ƙarshe aka nuna bakin bindiga inda mutane suke tsaye, a gwajin da bai buƙaci harbi ba sam.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari ya faru ne kwana biyar kafin nan. Ranar 16 ga Oktoba bindigogi sun tashi sau biyu da harsashin ƙara ba da niyya ba, a wannan wurin aikin. Ba wanda ya ji rauni, don haka ba a tsayar da aiki ba, ba a yi bincike ba. Wasu daga cikin masu ɗaukar hoto sun ajiye aiki a safiyar ranar da aka yi kisan, kuma tsaron makamai na cikin ƙorafinsu. Diane Vaughan, a nazarinta na 1996 kan fashewar kumbon Challenger, ta bayyana irin wannan hali: idan aka karya ƙa'ida ba a ga komai ba, sai karyawar ta zama ita ce al'ada. Hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta New Mexico ta kai ga irin wannan matsaya a Afrilun 2022, inda ta ce shugabannin shirin sun san ba a bin ƙa'ida kuma suka yi ko oho. Ta ci kamfanin tarar dala 136,793, mafi yawan abin da doka ta ba ta dama, daga baya aka daidaita a kan dala 100,000.

4.1 Gardamar Kunama

Kusan shekara uku kafafen yaɗa labarai sun maƙale a kan tambaya ɗaya: Baldwin ya ja kunama ko bai ja ba? A Disambar 2021 Baldwin ya shaida wa gidan talabijin na ABC cewa 'yar gudumar bindigar kawai ya ja baya ya saki. Rahoton hukumar FBI na 2022 ya ce bindigar ba za ta tashi ba sai an ja kunama, sai dai a wajen gwajin an buga ta da guduma har wasu sassan cikinta suka karye, abin da ya ba lauyoyinsa kafar musu.

A ganin wannan maƙala, tambayar na da nauyi a kotu amma ba ta da yawan amfani ga mai neman hana maimaituwa. Ko da ya ja kunamar sau goma, da ba a rasa rai ba in da harsashin ado ne a ciki. Ko da harsashin gaske ne kuma, da katako ya huda in da bakin bindigar na kallon bango. Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976, ya shahara da ƙa'idoji huɗu: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada a nuna bakinta ga abin da ba a son halakawa, yatsa ya nisanci kunama sai an saita, kuma a san abin da ake hari da abin da ke bayansa. Hikimarsu ita ce sun hau kan juna, ta yadda karya guda ɗaya ba ya isa kisa. Sana'ar fim kuwa, bisa ɗabi'arta, takan nemi a karya ta biyu da ta uku da gangan. Wannan ke mayar da dukkan nauyin kan ta farko, ita kuwa ta farkon a Rust an maye gurbinta da maganar baki.

4.2 Hukunci

David Halls bai musanta tuhumar sakaci da makami ba, aka ba shi wata shida na zaman gyara hali a waje. Ranar 6 ga Maris, 2024 aka sami Gutierrez-Reed da laifin kisa ba da niyya ba, daga baya aka yanke mata wata 18 a kurkuku. Shari'ar Baldwin kuwa Mai Shari'a Mary Marlowe Sommer ta kore ta ranar 12 ga Yuli, 2024, kora ta har abada, saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wa lauyoyinsa wata shaida da ta shafi harsasai. Ke nan kotu ba ta taɓa yanke hukunci a kan yatsansa ba. Gutierrez-Reed, wadda ta fi kowa a cikin ukun ƙarancin shekaru da ƙarfin faɗa a ji, ita kaɗai ta kwana a gidan yari. Laifinta tabbatacce ne, amma waɗanda suka ɗora mata aiki biyu, suka kuma kau da kai daga gargaɗin 16 ga Oktoba, kuɗi kawai kamfaninsu ya biya.

Mai karatu Bahaushe zai iya auna wannan da abin da ya sani a fiƙihu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, wato rashin niyya ba ya wanke mutum daga alhaki. Malamai kuma sun ɗora diyyar a kan dangin mai kisan, ba shi kaɗai ba. Akwai kuma hadisi a Bukhari da Muslim da ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, saboda bai san abin da zai kuɓuce daga hannunsa ba.

5.0 Inda Lamarin Ya Shafe Mu

Bindigar toka da mafarauta, 'yan sintiri da 'yan bindigar hawan salla ke riƙewa tana da irin larurar da ta kashe Lee, domin ta baki ake ɗura ta, kuma ido ba ya ganin abin da ke ƙasan bututu. Wanda ya manta ya ɗura, ya sake ɗurawa, na iya fasa bututun a hannunsa. Wanda ya zuba albarushi zalla don ƙara a bindigar da jiya aka fita farauta da ita, bai san ko akwai sauran dalma a ciki ba. Hanyar sani ita ce a zura sandar ɗuri a auna zurfin, kuma wanda zai harba ɗin ne ya kamata ya auna da hannunsa, ko da ubangidansa ne ya miƙo masa.

Ga masu shirya finafinanmu kuwa, kiran a bayyane yake. Idan fitowa na buƙatar bindiga, ta roba ko ta katako ta wadatar, ƙara da walƙiya a sa su a kwamfuta wajen tace hoto. In har dole sai ta gaske, to a ware mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai ita, a buɗe ta a gaban jarumi da duk wanda za a nuna, a ƙirga abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, a leƙa bututu. Duk ranar da ta tashi ba da niyya ba, ko da sama ta harba, a tsayar da aiki har sai an gano dalili.