TARIHIN MAKO: Dawakan da ke cikin bonet, wa ya ƙirga su?



Duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota ya ji dillali yana cewa wannan ƙarfin doki 150 gare ta, waccan 270. Mukan karɓi lambar mu biya kuɗi a kanta, ba tare da mun tambayi wanda ya auna ba. Na'urar awon sunanta dainamomita, makanikai na ce mata daino. Tarihinta ya yi kama da na mudu a kasuwar hatsi: mudun ba ya ƙarya, amma akwai hannun da ke tozo, akwai mai shafewa.

Maganar ta faro ne tun babu mota. Wajen 1783, James Watt, injiniya ɗan Sikotland, yana sayar da injin tururi ga masu masana'antun da dawaki ke juya musu injinan niƙa da na jan ruwa. Tambayar mai saye ɗaya ce: dawaki nawa injin nan zai hutar mini? Sai Watt ya tsayar da ma'auni, cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin laba 33,000 sama da tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. A lissafin lantarki wannan ya kai wat 746, kuma kalmar wat ɗin ma daga sunansa aka samo ta. Ke nan tun ranar farko ƙarfin doki harshen ciniki ne.

Ma'auni ya samu, saura abin awo. A 1821 wani injiniyan Faransa, Gaspard de Prony, ya kawo dabara mai sauƙi. Ya matse sandar da inji ke juyawa tsakanin katakai biyu, kamar birki, ya ɗaura musu dogon hannu, ya rataya nauyi a ƙarshensa. Inji na ƙoƙarin tafiya da katakon, nauyi na hana shi. Nauyin da ya tsayar da hannun daidai, haɗe da tsawon hannun, shi ke nuna ƙarfin murɗawar injin. In aka ninka wannan da yawan zagayen da sandar ke yi a minti, ƙarfin doki ya fito. Yawancin daino har gobe a kan wannan tunani suke: ka danne inji da birkin da ka san nauyinsa, ka ga iya abin da zai jure.

Matsalar katako ita ce zafi, domin babban inji zai ƙone shi. A 1877 William Froude na Ingila, wanda aka nema ya auna injinan jiragen ruwan soja, ya maye gurbin katakon da ruwa. Inji na juya fanka a cikin rufaffiyar tukunya mai ruwa, ruwan na turjewa, yana kuma kwashe zafin ya fita da shi. Daga baya aka samu masu aiki da maganaɗisu da lantarki, aka kuma samu irin wadda ake hawa da motar sukutum: a ɗaure ta da bel, tayoyinta su hau gangunan ƙarfe, a taka totur tana gudu a wuri ɗaya. Lambar da ake samu a taya kullum ba ta kai ta bakin inji ba, saboda giya da sauran ƙarafa sun ci rabonsu a hanya.

To, a ina hannun mai awo ke shiga? Kafin 1972, kamfanonin Amurka na gwada inji tsirara: babu matatar iska, babu salansa, babu abin cajin batir, an kuma saita shi yadda zai fi ba da lamba. Ba wanda ya taɓa tuƙa irin wannan injin a titi. Da aka koma gwaji da duk kayan da ke jikin mota, sai lambobi suka zube. Injin Cadillac Eldorado mai lita 8.2, da aka tallata da doki 365 a 1971, ya koma 235 a 1972. Dawaki 130 suka ɓace a takarda, alhali dama ba su taɓa isa titi ba.

A Japan kuma akasin haka aka yi. Daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin ƙasar sun yi yarjejeniyar baka cewa ba wanda zai tallata mota a gida da fiye da doki 280, saboda damuwar da ake yi kan haɗurra. Amma masu ɗora motoci irin su Nissan Skyline GT-R a kan daino sun riƙa ganin abin da ya zarce haka.

Da na'urar ta yi araha ta shiga garejin unguwa, sai mudu ya koma hannun mai saye. A 1999 kamfanin Ford ya fitar da Mustang Cobra da alƙawarin doki 320. Waɗanda suka saya suka kai ta awo, suka cire rabon giya, duk da haka lissafi bai cika ba. Ford ya dakatar da sayarwa, ya kira motocin ya gyara musu hanyar shigar iska da salansa da kwamfuta. Gani ya kori ji.

Babi mafi muni ya zo a 2015. A kan irin waɗannan ganguna ne hukumomi ke auna hayaƙin mota. Volkswagen ya saka wa motocinsa masu shan dizal manhajar da ke gane cewa ana gwaji, misali in tayoyi na gudu sitiyari bai motsa ba, sai motar ta natsu ta rage hayaƙi. Da ta hau titi sai ta saki gubar da ta kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka bankaɗo abin, da suka ɗora na'urar awo a bayan mota suka bi hanya da ita. A watan Satumba hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da zancen, kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa, shugabansa Martin Winterkorn ya sauka. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Mu da yawancin motocinmu na hannu ne, ga abin riƙewa. Lambar da ke takarda ta sabon inji ce, kuma a ƙa'idar Amurka an daidaita ta ne da yanayin zafi digiri 25. Iskar Sakkwato a watan Afrilu ta fi wannan zafi nesa ba kusa ba, iska mai zafi kuwa ba ta cika inji. A tudun Jos ma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 da aka hau. Ƙara da shekaru da ƙurar hunturu a matatar iska. Don haka in dillali ya ce maka doki 270, tambaye shi: a bakin inji ko a taya, kuma yaushe aka ƙirga su?

Makanikan da ke cikinmu, in akwai gyara ko ƙari, bismillah. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.