Lissafin da ke cikin yankan alwatika: daga bargon Greensboro zuwa lifidin Kano

Unguwar Sedgefield tana kudu maso yammacin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, birnin da masaƙu suka raya. Masaƙar White Oak ta kamfanin Cone ta fara aiki a 1905, ta yi ta saƙa yadin jins har aka rufe ta a ƙarshen 2017. Inda yadi ya yawaita kuwa ƙyalle ba ya yankewa, shi ya sa matan yankin suka daɗe da sana'ar harhaɗa ƙyallaye su ɗinka bargo mai hawa uku: fuska, auduga a tsakiya, da shafi a baya. A 1985 da 1986 wani shiri na jihar ya bi gari-gari ya rubuta bayanin irin waɗannan barguna fiye da 10,000. Da yawa daga cikin zanen da ke fuskarsu da alwatika aka gina shi, kuma a wurin yankan alwatika ne gwani da ɗan koyo suke rabuwa.

Mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa yadi ne biyu da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki, kuma duk wanda ya kalli 'yan lifida a hawan salla ya ga yadda ake jera ƙyallaye masu launi daban-daban a jikinsa, sau da yawa a siffar alwatika. Matsalar da ke gaban mai ɗinkin lifidi ita ce ke gaban mai bargo a Sedgefield: yaya za a yanka alwatika ta fito daidai bayan ɗinki ya ci rabonsa?

A Amurka ma'aunin da aka saba shi ne ɗinki ya ci kwata inci a kowane gefe. Ga murabba'i lissafin a fili yake. Mai son inci 4 bayan ɗinki sai ya yanka 4½, kwata a dama, kwata a hagu. Ɗan koyo yakan ɗauki wannan ka'ida ya kai ta kan alwatika, ya yanka murabba'i mai inci 4½ ya raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan ya ɗinke biyu ya goge, ya kuma haɗa wannan gida da sauran gidajen bargon, abin da zai samu kusan inci 3⅝ ne kawai. Ya yi asarar kusan ⅜ a kowane gida, gida goma a jere kuwa sun haura inci 3½, bargo ya karkace, kan alwatikun ya nutse cikin ɗinki.

Dalilin yana cikin kaifin kusurwa. A kusurwar da take tsaye, mai digiri 90, layin yanka yana nesa da layin ɗinki da kwata inci kawai. A kusurwa mai tsini, mai digiri 45, layukan yanka biyu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su haɗu, tafiyar da ta kai ninki 2.414 na faɗin ɗinkin, wato kusan inci 0.6. A haɗa da kwatan ɗaya ɓangaren, a samu 0.854. Lamba mafi kusa da wannan a kan tef ita ce ⅞. Daga nan ka'idar ta fito: a ƙara ⅞ a kan girman da ake so, a yanka murabba'i, a raba shi biyu. Idan kuwa gida huɗu za a raba shi, ta kusurwoyin duka, dogon gefen alwatikar yana da tsini a bakinsa biyu, ƙarin ya zama 1.207, aka mayar da shi inci 1¼.

Abin da nake so a lura da shi shi ne ⅞ ba ta tsaya da ƙafarta ba, ta rataya ne a kan kwata inci. Telan da ya saba barin rabin inci, kamar yadda ake yi a ɗinkin tufafi, idan ya kwafi ⅞ daga wani littafi zai ɓata yadinsa. Nasa ƙarin inci 1¾ ne ga rabon biyu, 2½ ga rabon huɗu. Wanda ya san cewa ana ninka faɗin ɗinki sau 3.414 ko sau 4.828 ya mallaki ka'idar, kowane keke ya hau zai iya gyara lissafinsa. Wanda ya haddace lamba kawai, ranar da aka canza masa ƙafar keke ya shiga uku.

Akwai kuma abin da lissafi kaɗai ba ya nunawa. Alwatikar rabon biyu da ta rabon huɗu siffarsu ɗaya, amma halinsu a hannu ya bambanta. Ka ja atamfa ta tsawonta, ba za ta motsa ba. Ka ja ta a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, za ka ji tana miƙewa. A rabon biyu, gajerun gefuna biyu suna bin zaren saƙa, dogon ne ke miƙewa. A rabon huɗu, dogon gefen ne ke bin zare. Saboda haka tambayar farko kafin a ɗauki almakashi ita ce wane gefe ne zai kasance a bakin bargo, domin shi ne ya wajaba ya bi zare. In ba haka ba, bakin zai yi ta lanƙwasa, guga kuma ƙara masa tsawo take yi. Masu jera gidajen bargo a karkace sun san wannan sosai. Ga gida mai inci 10, alwatikun gefe ana samunsu ne a ninka 10 sau 1.414 a ƙara 1¼, a yanka murabba'i mai kusan 15½ a raba huɗu. Na kusurwa kuwa a raba 10 da 1.414 a ƙara ⅞, a yanka 8 a raba biyu.

A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙar yanka mai zagayawa, wadda ta sa ana yanka yadi hawa da yawa a jan hannu guda. Daga baya shaguna suka cika da ƙyallayen da aka riga aka yanka. Sauƙi ne, ban musa ba, sai dai mai sayensu ya ɗaure kansa ga girman da launin da kamfani ya zaɓa masa. Wannan hanya ba ta dace da mu ba, mu da ƙyallenmu kyauta ne. Yadin da ake saya a Kantin Kwari yana ƙarewa ne a shagunan teloli, inda ragowar atamfa da shadda ke taruwa a ƙarƙashin keke, musamman gab da salla, galibi a kwashe a zubar. Kowane ƙyalle da girmansa, don haka sai mai iya lissafin nasa yankan ne zai amfana da shi. Kayan aikin ma ba su wuce kwali mai kauri da aka zana wa layi biyu, na ɗinki da na yanka, da alli da almakashi mai kaifi ba, sai ɗan sitaci da zai hana gefen karkace miƙewa.

Ina kira ga iyayen gidan teloli da cibiyoyin koyar da sana'a su sanya wannan lissafi cikin abin da suke koya wa yara tun shekarar farko, tare da dalilinsa, su kuma ware buhu guda na tara ƙyalle don gwaji.