Zuwa da Kwano: Al'adar da Leda Ta Kora a Gezawa

Kafin leda ta cika kasuwa, babu uwar da za ta aiki yaro sayen koko a Gezawa hannu rabbana. Da kwanonsa yake fita, an rufa masa faifai. Mai sayen man gyaɗa ko kananzir yana tafe da kwalba, mai sayen fura da nono yana riƙe da ƙwarya ko kwanon sha. Haka abin yake a Jogana, haka yake a Tumbau da sauran ƙauyukan wannan yanki na arewa maso gabashin birnin Kano, inda gona ke manne da gona.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai sayarwa ba ta da mazubin da za ta bayar kyauta. Ƙwaryar Bafulatana jarinta ce. In ka sha a ciki, sai ka tsaya ka miƙa mata abarta. Wanda ya zo da nasa ba a rage masa ko kwabo, amma akwai gyara. "Inna, a yi mini gyara," in ji yaro, sai ta ƙara rabin ludayi, ko ta jefa masa ƙosai ɗaya a kai. Yara masu wayo sun san amfanin babban kwano, domin koko ɗan mitsil a gindin langa ba ya yi wa mai sayarwa daɗin gani, dole hannunta ya sake komawa tukunya.

Lemon kwalba ma da ya zo, wannan hanya ya bi. Kamfanin Nigerian Bottling Company, mai yin Coca-Cola, an kafa shi a 1951, kuma shekara da shekaru kwalbarsa ta komawa ce. Mai kanti zai ce ko ka kawo wata kwalbar, ko ka ajiye kuɗin kwalba. Ba a ganinta a bola.

Sai leda ta iso, fiya wata ya biyo baya a shekarun 1990. Koko ya koma ƙulli-ƙulli, kowanne da farashinsa, kuma abin da aka riga aka ƙulle ba a yi masa gyara. Har mai shayi ya koyi juya shayi mai zafi a leda.

Manomi ne ya fara biyan kuɗin wannan sauƙi. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya rubuta yadda gonakin kewayen Kano ke bayarwa kowace damina ba hutu, albarkacin taki, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Yanzu sharar birni a mota take zuwa, cike da leda. Sai an tsince ta da hannu kafin a yi huɗa, wadda ta tsira kuma akuya ta haɗiye. Mahauta sun san abin da suke cirowa daga tumbi.

A ƙasashen Turawa kuɗi ake biya don a dawo da ɗabi'ar zuwa da mazubi. Starbucks na Amurka ya fara rage senti 10 ga mai zuwa shan gahawa da kofinsa tun 1985. A 2008 ya yi burin kashi 25 cikin 100 na cinikinsa ya zama a irin wannan kofi kafin 2015. Bai kai ko kashi 2 ba. A Ingila, shagunan Pret A Manger sun ninka rangwamensu zuwa rabin fam a 2018. Binciken da Wouter Poortinga na Jami'ar Cardiff ya fitar a 2017 ya nuna rangwame shi kaɗai bai motsa mutane ba, amma da aka sa kuɗi a kan kofin yarwa, masu zuwa da nasu sun ƙaru. Mai kantin Gezawa da ke karɓar kuɗin kwalba ya riga su sanin haka: ɗan Adam ya fi jin zafin abin da aka karɓe masa a kan daɗin abin da aka rage masa.

Kwano bai ƙare a gidajen Gezawa ba, ana ma jere da shi a ɗakin amarya. In shugabannin kasuwa da masu shayi da masu koko suka haɗa baki aka sa wa leda kuɗinta daban, aka bar gyara ga mai zuwa da mazubinsa, iyaye mata ba za su jira wata doka ba kafin su sake miƙa wa yaro kwano.